An sa mini zoben rage ƙiba, yanzu ba abin da ke wucewa sai fura da shayi

Assalamu alaikum Anti, ya gida, ya aiki? Ni matar aure ce a Kaduna, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwata ta biyu ƙiba ta kama ni har na kai kilo 118, ga shi ni ba doguwa ba, tsayina mita 1.62. Gwiwoyi suka hana ni sallah a tsaye, aka kuma ce ina da ciwon suga. Wata biyar da suka wuce maigida ya kai ni Alƙahira aka yi mini tiyata, aka sa mini zobe a saman tumbi, wanda ake kira Lap-Band. Ana gobe za mu taso na roƙi likita ya matse shi sosai, tunda ban san ranar da zan koma ba, shi kuma ya ƙara ruwa a ciki.

Tun daga ranar, nama, shinkafa, burodi da tuwo duk tsaya mini suke a ƙirji, yawu ya taru, sai na je na amayar. A mako nakan yi haka sau huɗu ko biyar. Da dare ga ƙwannafi, wani lokaci tari ya tashe ni da ruwan tsami a baki. Abin da ke wucewa kawai shi ne fura da nono, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, yogot da askirim. Na sauka zuwa kilo 107, daga nan sikeli ya tsaya cak, yau mako shida. Ƙawata da aka yanke wa tumbi a Indiya wata guda kafin ni ta zubar da kilo 30. Gashina ma zuba yake.

A gida ba wanda ya sani sai maigida, mun ce gwiwa aka je dubawa. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce sammu ne, tana ta aiko rubutu da magungunan ƙara jiki. Abokiyar zamana ta ɗauke mini wuta saboda ba na cin girkinta. Biki na daina zuwa. Ga azumi saura wata biyu. Wani ma'aikacin jinya a unguwarmu ya ce zai iya ƙara mini ruwa a zoben. In bari ya ƙara, ko ramar za ta ci gaba? Ko dai kuɗin maigida sun tafi a banza ne?

Ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa maigida da alheri.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki yarda a ƙara ko ɗigo ɗaya a zoben nan, kuma kada ma'aikacin jinyar unguwarku ya kusanci cikinki da allura, komai kirkinsa. 'Yar ƙofar da aka binne miki a ƙarƙashin fata, wadda ake bi a zuba wa zoben ruwan gishiri ko a zuƙe, tana da allurarta ta musamman mai lanƙwasasshen baki, ana ce mata allurar Huber. Allurar da aka saba da ita a kemis gutsure robar ƙofar take yi, ruwan ya riƙa yoyo. In hannu ya goce kuma ta huda siririn tiyon da ya haɗa ƙofar da zoben, ko ta shigar da ƙwayoyin cuta. Kowanne ya faru, sai an koma ɗakin tiyata.

Babban dalilin kuwa yana cikin wasiƙarki. Amai sau huɗu ko biyar a mako, ƙwannafi, tarin dare da ruwan tsami a baki, rayuwa a kan abin sha: waɗannan alamomin zoben da ya riga ya matse fiye da kima ne. Sassautawa yake buƙata. Na san maganar za ta zo miki a bai-bai, tunda a lissafinki sikeli ya tsaya ne saboda matsin bai isa ba. Ni kuwa matsin nake zargi da tsayar da shi.

Da yawa daga waɗanda aka sa wa zoben suna ɗauka aikinsa shi ne ya tare hanya, abinci ya kasa wucewa, mutum ya rame dole. Ba haka aka tsara shi ba. Zoben silikon ne da aka zagaya wa saman tumbi, ya bar ɗan aljihu a samansa wanda ba ya ɗaukar fiye da cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci. Idan kika haɗiye 'yar loma da kika tauna sosai, bututun abinci zai yi ta matsa ta har ta ratsa zoben, abin da kan ci kusan minti guda. Wannan matsawar ce ke taɓa jijiyoyin jikin tumbi, su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. 'Yan lomomi cikin minti 20, sai ki ji kin ƙoshi, ki yi awoyi ba ki nemi komai ba. Likitocin birnin Melbon na Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Paul O'Brien, waɗanda suka daɗe suna bibiyar dubban masu zoben, sun kasa matsinsa gida uku da launuka. A rawaya zoben ya yi sako-sako, mutum na cin da yawa yana jin yunwa. A kore ɗan abinci mai tauri na ƙosar da shi, ba amai, nauyi na sauka a hankali. A ja kuwa abinci na tsayawa, ga amai, ga ƙwannafi da tarin dare, mutum ya koma kan ruwa-ruwa, rama ta tsaya, wani ma ƙibar ta dawo. Ki sake karanta wasiƙarki ki gaya mini gidan da kike.

Ki duba mazurarin da ake ɗura mai a kwalba. Komai tsukewar wuyansa, ruwa wucewa zai yi abinsa, mai kauri ne zai tsaya. Fura, kunu, shayi da askirim zubewa suke ta zoben ba tare da sun taɓa jijiyoyin ƙoshi ba, shi ya sa kina sha, kafin awa biyu kina neman wani. Ga suga da madara da gyaɗa da suke ɗauke da su. Mace za ta iya yini ba ta tauna komai ba, ta rantse ba ta ci abinci ba, alhali kuzarin da ya shiga jikinta ta kofi ya fi na wadda ta zauna ta ci tuwo da miya. Lemon kwalba ɗaya na santilita 35 yana da suga kusan cokali 9 na shayi, kuma ni ban ga alamar shayinki mai kauri ya fi shi tausayi ba. Ga mai ciwon suga kuwa abin ya zama biyu.

Amai ba shaida ba ne cewa zoben na aiki. Duk lokacin da abinci ya tsaya kika yi yunƙuri, aljihun nan yana buɗewa kaɗan, bututun abinci na kumbura yana rasa ƙarfinsa, kuma tumbin na iya zamewa ya turo ta cikin zoben. Zamewar nan tana daga cikin abubuwan da ke mayar da masu zobe kan teburin tiyata. Ruwan tsamin da ke tashinki da dare shi ma yana iya gangarawa huhu ya jawo ciwon ƙirji da zazzaɓi. Saboda haka ganin likita aikin wannan makon ne, kar ki ce sai bayan sallah.

Wanda za ki nema shi ne likitan tiyata da ya san aikin rage ƙiba ya kuma saba gyara zobe. Ki fara da sashen tiyata na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ga na Barau Dikko a nan Kaduna, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ki bayyana musu ainihin aikin da aka yi miki, ki nemi su haɗa ki da wanda ya ƙware, ko da a Abuja ne ko Legas. Kafin nan maigida ya tuntuɓi asibitin Alƙahira su turo takardar tiyatar: wane irin zobe ne, mililita nawa yake ɗauka, nawa ke ciki yanzu, a ina aka binne ƙofar. Irin naki gaba ɗaya mililita 10 ne ko 14, cokali biyu zuwa uku na shayi ke nan, don haka cire rabin mililita ko ɗaya na iya raba ki da amai a rana guda. Mai yiwuwa likita ya so a ɗauki hoto kina haɗiyar wani farin ruwa mai kauri da ake kira bariyom, don ya ga ko zoben na nan inda aka aje shi. In ya ce zai zuƙe ruwan duka ya bar tumbin ya huta na wasu makonni, ki yarda. Za ki iya ƙara kilo ɗaya ko biyu, ba komai, daga baya a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan har a dace da kore.

A nan ne nake ganin aka yi ganganci tun farko, kuma ba ke kaɗai ke yinsa ba. Zobe ba tiyatar a yi a sallame ka ba ce. A shekarar farko ana son a riƙa ganin mai shi kusan kowane mako huɗu zuwa shida, a ƙara ko a rage. Wanda zai hau jirgi ya bar likitansa a wata ƙasa, ya kamata tun kafin a kwantar da shi a san wa zai riƙa dubawa a gida. Ba a yi ba, sai aka nemi a haɗe gyaran shekara guda a allura ɗaya. Ya wuce. Amma duk likitan da kika samu yanzu, ki riƙe shi, domin zoben na buƙatar mai kula da shi muddin yana jikinki.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar ganin likita. In ko ruwa ko yawunki ya daina wucewa, in amai ya ƙi tsayawa yini guda, in kika ga jini a amai ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, in ciwo mai tsanani ya kama saman ciki ko ƙirji, in wurin ƙofar ya yi ja ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Abu na farko da za ki faɗa musu shi ne akwai zobe a tumbinki. Kuma ki tuna musu kin daɗe kina amai, domin ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce 'yan makonni, ƙarewarsa na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: ruɗewa, gani biyu-biyu, tangaɗi, mutuwar ƙafafu. A irin wannan hali ana ba da shi kafin ƙarin ruwa mai suga ko tare da shi. Ki rubuta wannan a 'yar takarda ki sa a jaka.

Yanzu batun kuɗin maigida. Mu yi lissafi. Ga mai tsayinki, iyakar nauyin da likitoci ke ɗauka daidai shi ne kusan kilo 66. Kin fara da 118, rarar ke nan 52. Zoben da ya yi aiki yadda ake so yakan cire kusan rabin rarar, kuma ba a wata shida ba, a shekara biyu zuwa uku. Rahoton da ƙungiyar O'Brien ta fitar a 2013, kan mutum fiye da 3,000, ya nuna waɗanda aka bibiya har shekara 15 sun riƙe kusan kashi 47 cikin 100 na rarar a zube. Ke nan abin da za ki sa a rai shi ne wajen kilo 92, in Allah ya yarda, ba 66 ba. Kilo 11 a wata biyar rabin kilo ne a mako, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar zobe. Ƙawarki aiki daban aka yi mata. An cire mata kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, dole ta riga ki. Ki daina tambayarta lambar sikelinta. Naki ma ki riƙa hawa sau ɗaya a mako, da safe, a rana guda, ki haɗa da awon ƙugu da tef ɗin tela. Ki kuma lura da raka'a nawa kike iya yi a tsaye yanzu, da abin da na'urar gwajin suga ke nunawa, tunda don su aka yi aikin.

Bayan an sassauta, sai babban aiki, wato sake koyon cin abinci, kuma a nan tarbiyyarmu ta gida tana yaƙi da zoben kai tsaye. Mu an koya mana tuwo ba a taunawa. A yanko loma, a mulmula, a dangwali miya, a aika. Yaron da ya tsaya tauna tuwo dariya ake masa. To lomar da aka aika haka ita ce daidai abin da ke toshe zobe, musamman tuwon shinkafa, sakwara da teba masu danƙo. In za ki ci, ki gutsuro kamar kan ɗan yatsa, ki jiƙa shi sharkaf da miyar kuka ko kuɓewa, ki tauna har ya zama ruwa a baki, ki haɗiye, ki aje hannu, ki jira minti guda. Na san zai yi miki wani iri a baki. Za ki saba. Sabon burodi, gurasa, alkubus, funkaso da ɗanwake su ma curewa suke su zama dunƙule. Tsire, balangu, kilishi, ganda da soyayyen naman sallah busassu ne masu zare, ki bar su tukuna. Lemon zaƙi ki cire fatar cikinsa, mangwaro mai zare da rake ki haƙura.

Abin da za ki sa gaba a faranti shi ne mai gina jiki, gram 60 zuwa 80 na furotin a rana, kuma shi za ki fara ci kafin ki taɓa shinkafa ko tuwo. Ƙwai ɗaya na ba da kusan gram 6, kifi mai faɗin tafin hannu kusan gram 20. Farfesun kifi, kazar da ta dahu luguf a romo, niƙaƙƙen nama a miya, alale, faten wake, awarar da aka dafa a miya maimakon a tsoma ta a mai, kindirmo ba suga. Ganye irin su zogale da alayyafo a yanka su ƙanana a dafa su yi laushi. Ki zuba a ƙaramin faranti, abin da bai wuce rabin kofi zuwa kofi ɗaya ba, ki ci da ƙaramin cokali, a zaune, ba kina waya ko kina yi wa yara faɗa ba. Minti 20 zuwa 30 suka cika, ki ture, ko da saura. In kin ji nauyi a ƙirji, ko shaƙuwa, ko yawu ya fara taruwa, kin riga kin wuce da loma ɗaya. Kada ki kora da ruwa, dawowa zai yi. Ki tashi ki ɗan taka har ya sauka, in kuma ya fito, ki koma kan ruwa-ruwa marar suga zuwa washegari don kumburin ya sabe.

Ruwa kuwa tsakanin abinci ake shansa, kurɓi-kurɓi, a dakata kamar rabin awa bayan an ci. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ledar fiya wata uku zuwa huɗu ke nan, a bazara fiye da haka. Mai gas ki bar shi. Za ki lura zoben ya fi matsewa da safe, wasu matan kuma lokacin al'ada, don haka karin kumallo ya zama mai laushi bayan ɗan ruwan ɗumi, abinci mai tauri ya bari sai rana. Na dare ki gama shi awa biyu zuwa uku kafin ki kwanta. Fura ba haram ba ce a kanki, amma ta koma ta marmari, rabin kofi, ba suga.

Gashi zai dawo. Yakan zuba tsakanin wata na uku da na shida bayan tiyata ko saurin rama, ya tsaya da kansa, sai dai ƙarancin furotin da ƙarancin jini na ja masa lokaci. Ki sha bitamin na kullum, irin wanda ake taunawa ko na ruwa, a kuma gwada jininki. Ki saki kitso mai ɗaure kai da man shafawa mai miƙar da gashi na ɗan lokaci.

Magunguna na da nasu. Na ciwon gwiwa irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, da haɗe-haɗen da ake ƙullowa a kemis, suna cin bangon tumbi, ki bar su sai da izinin likita. Manyan ƙwayoyi na iya tsayawa a zoben, ki tambayi mai harhaɗa magani wanne ake iya dakawa, domin akwai waɗanda ba a fasawa. Kuma ranar da kika daina shan sugan nan, in kina kan allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, sugan jininki na iya faɗuwa ƙasa warwas. Ki riƙa gwadawa, likitan suga ya san halin da ake ciki ya rage miki. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Instagram kuwa, da yawansa filasko ne da masu sa fitsari, ruwan jikinki kawai za su kwashe.

Sai gida. Ni ban ga laifin Hajiya ba. Matar ɗanta ta tafi duba gwiwa, ta dawo tana amai, tana ramewa, gashi na zuba, ba ta cin abinci, ba ta shiga mutane. A garin da ake auna kulawar miji da jikin matarsa, me kike so ta ce? Ku kuka bar mata gurbi, ita kuma ta cike shi da abin da ta sani. Ba dole ba ne duniya ta ji sirrinki, kuma na fahimci gudun bakin masu cewa kuɗi ne suka yi yawa, ko an raina halittar Allah. Amma wannan aiki magani ne na ciwon suga da gwiwa, ba kwalliya ba. Maigida ne ya kamata ya je ya zauna da mahaifiyarsa, ba ke ba, ya ce mata: Hajiya, aiki aka yi mata a ciki saboda sugan nan, likita ne ya ce ta riƙa cin kaɗan, ramar ma ita ake nema, a taya mu da addu'a. Rubutu ki karɓa ki yi godiya. Magungunan ƙara jikin ne ba za ki kai baki ba. Irin su sha-ka-fashe galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine, na farkon yana hauhawar da suga da hawan jini, yana kuma raunata tumbi.

Abokiyar zamanki ta fi ba ni tausayi. A gidan da ake raba girki, mayar da kwano a cike magana ce, kuma kin san fassararta: ana zargin an zuba wani abu. Wata biyar tana ɗauke da wannan, ga Hajiya na ambaton sammu, kina ganin wa ake kallo? Wannan kam hakki ne a kanki. Ki shiga ɗakinta da kanki ki ce: Maman wane, wallahi ba girkinki ba ne, aiki aka yi mini a ciki, ko nawa girkin ba ya wucewa. Ranar girkinki ki riƙa zuba mini miya da ɗan kifi a ƙaramin kwano. Ki ci a gabanta, ko cokali biyar ne. Bayan gyara zumunci, akwai amfani a ce wata babba a gidan ta san abin da ke jikinki, saboda ranar da maigida ya yi tafiya wani abu ya taso.

Biki ki koma. Ki ci naki a gida kafin ki fita, in an miƙo ki karɓa, ki ɗan taɓa abin da kika san yana wucewa, sauran ki sa a leda. Ba a taɓa zargin mace don ta ƙulle abincin biki ta kai wa yara ba. Wadda ta matsa da ci mana, ki ce likita ya sa miki doka saboda suga, gaskiya kika faɗa. Zaman ɗaki ke kaɗai ya fi cutar da ke, don kaɗaici da ɓacin rai su ne ke miƙa hannu ga askirim. In kin ga damuwar ta zauna, ba barci, ba walwala, ki faɗa wa likita ita ma. Tafiya kuma ki fara da abin da gwiwa ta yarda, ko zagayen tsakar gida ne na minti 10 bayan la'asar, kina ƙarawa.

Azumi, a halin da kike yanzu, ban ga yadda za ki ɗauke shi ba. Mai zobe ba ta iya ɗurawa kanta ruwan yini guda tsakanin magariba da sahur, zoben kuma ya fi matsewa in jiki ya bushe, ga suga, ga amai. Likitocin wannan fanni da dama na ba da shawarar a ɗaga azumi a watannin farko bayan tiyata, wasu har shekara. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Ki kai wa malaminku bayanin likita ya yi miki fatawa a kai. In an gyara zoben likita ya ce ki gwada, ki buɗe baki da ruwan ɗumi kurɓi-kurɓi, dabino ɗaya ki ɓare fatarsa ki tauna sosai, ki yi sallah, sannan ki zauna ga abinci. Ƙosai da soyayyen dankali da sanyin kunun aya a kan yunwa, cikin gaggawa, su ne ke kai mutane banɗaki kafin isha'i.

Akwai gaskiyar da ya kamata ki ji daga gare ni. Zoben nan ya yi tashe bayan da aka fara sa shi ta hanyar huda ciki a Beljiyam a 1993, aikin da likita Mitiku Belachew ɗan asalin Habasha ya jagoranta, Amurka kuma ta amince da shi a 2001. A 2011 ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na tiyatar rage ƙiba a Amurka. Zuwa 2019 ya faɗo kusan kashi 1. Dalili shi ne mutane da yawa sun buƙaci a sake musu aiki ko a cire shi bayan shekaru, saboda zamewa, ko cin bangon tumbi, ko irin wahalar da kike ciki. Ba don ki karaya na faɗa ba. Akwai masu zaune da nasu lafiya shekara da shekaru, kuma galibinsu waɗanda ba su yanke zuwa gyara ba ne. In an sassauta, kin gyara cin abinci, aka yi watanni abin bai daidaita ba, ana iya cire shi, ana kuma iya mayar da shi irin aikin ƙawarki ko wani. Wannan shawara ce ta ku da likita nan gaba, ba ta yau ba.

Ba ki tambaya ba, amma shekarunki 38 kuma kina da miji. Rama na dawo da haihuwa ko ga wadda ta daɗe ba ta samu ba, kuma likitoci na son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan irin wannan tiyata. Ƙwayar tsarin iyali ba abin dogaro ba ce ga mai yawan amai, don haka ku je asibiti ke da maigida a zaɓa muku wata hanya. In kuma kin ga wata ya wuce, ki gwada da wuri ki sanar da likitan zoben, domin sau da yawa sai an rage ruwan saboda laulayi.